Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Wanda Google Bai Sani Ba

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida. Labari ya iso Kano cewa ka daina shan fate. Uwargidanka ce ta aiko a gaya mini, ko kuwa in faɗa yadda za ka gane, matarka ne ya aiko. Wai tun ranar da ɗan ƙanwarka ya rubuta sunanka a Google, bai ga komai ba sai wani ɗan takarar kansila mai irin sunanka, ka ajiye allura da zare ka shige ɗaki. Abin da ya fi ci maka rai, in ji ta, shi ne yaron nan da ko maɓalli bai iya ɗaurawa ba yana da mabiya dubbai a TikTok, kai kuwa da ka yi furfura kana zuba aska takwas a ƙirjin manyan riguna, in aka ƙirga masu binka a Facebook ba su cika tabarma ɗaya ba. Su ma na duba sunayensu. Rabinsu tun kafin a ƙirƙiro Facebook suke binka, bashi.

An ce har kana tambaya yadda ake samun shuɗiyar alamar nan ta gefen suna. To zauna in karantar da kai, ai dama aikinmu ne. Da can sai kamfani ya duba ya ga kai wani ne kafin ya maƙala maka ita. Da Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, sai ya mayar da ita haja, dala 8 a wata. A watan Afrilun 2023 ya bi ya ƙwace ta daga hannun manyan mutanen da suka ƙi biya. Masu Facebook ma suka ga kasuwa ta buɗe, suka fara sayar da tasu a shekarar. Ka ga kenan abin da ke hana ka barci haya ake bayarwa, wata ya ƙare ba ka biya ba a cire. Ni da na san yadda kake taya albasa a kasuwar Tudun Wada har mai ita ya gaji ya ba ka kyauta, ban ga ranar da za ka tura wa Bature dala takwas ba.

Kuma ai ka taɓa yin suna, ka manta ne? Zamanin 2go, da ƙaramar Nokiyarka mai ɗaure da roba, kana kwana ido biyu don tauraronka ya kai matsayin Masta. Ka kai kuwa, har ka kira ni ka yi mini albishir, da katina. Yau ina sarautar take? Je ka Samaru ka tsayar da ɗalibin ajin farko ka ce masa kai Masta ne, ka ga ko ba zai tambaye ka makarantar da kake koyarwa ba. Waɗanda suka tara jama'a a Twitter su ma sun ɗanɗana: a watan Yunin 2021 gwamnati ta rufe shi bayan an goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wata bakwai manyan masu suna suna shiga ta katanga.

Idan kuma sunan gaggawa kake so, zo Kano mu nuna maka hanya, mu da muka riga ku komai. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a nan ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamna. Kafin magariba duniya ta san su. Bulalar ce nake jiye maka, don jikin da aka gina da tsaki da rama ba zai kai ta biyar ba. Sharar kam ba ni da haufi a kanka, gado ne.

Na san abin da za ka ce. Za ka miƙe ka gyara hula ka tuna mini cewa a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, lokacin da mu Kanawa muke lissafin gyaɗa. Gaskiya ne. Amma wa ya riƙe alƙalamin? Abubakar Imam, haifaffen Kagara, wanda ya yi karatunsa a Katsina. Ku kun ba da masauki, baƙo ya yi suna. To me ya sa yau abin ya zame maka sabo?

Yanzu bari in gaya maka inda sunanka ya shiga, tunda amana ta ce in faɗa. Malum-malum ɗin nan da ka yi wata da watanni kana huda yatsa a kanta, wadda wani hakimi ya hau da ita ranar Hawan Daushe aka yi ta ɗaukarsa hoto, tana nan a intanet, dubban mutane sun yaba. A ƙarƙashin hoton an rubuta ɗinkin Kano. Ni na saya a zaurenka, na nannaɗe ta a jaka, na kawo Kurmi, na ninka kuɗin. Duk wanda ya tambaye ni wa ya yi aikin, sai in ce wani yarona ne a ƙauye. Ban yi ƙarya ba.

Kuma ka lura, duk da haka layi bai yanke a ƙofarka ba. Ango ya zo, mai sabuwar sarauta ya aiko, kowa an kwatanta masa lungun da baki, kai kuma kana ce musu sai bayan Sallah, ba ka faɗi wace Sallar ba. Mutumin da ya kasa gama aikin mutum bakwai, me zai yi da mutum dubu saba'in? Kowannensu zai ba da kafin alƙalami, kowannensu zai san inda zai rubuta cewa ka cinye masa shadda. Nan ne Google zai san ka da kyau.

Amma tunda ka nace, na ji tausayinka. Zan sa yara su buɗe maka shafi. Hotunan rigunan naka ne, suna da lambar waya nawa, kai kuma za a nuna hannunka kawai, don kada fuskar ta kori masu saye. Kafin nan, kuɗin sharar bara da na bana suna kanka. Ka haɗo su da hular da ka karɓi kuɗinta tun kafin a canza takardun naira, ka ba direba a tashar Kwangila, ka ce a kai wa maigida.