Tayar Gaba Marainiya Ce

In kana son jin gardamar da ba ta da alƙali a Rimin Gado, kada ka nufi majalisar 'yan siyasa. Je ka gindin darbejiyar mai faci da hantsi, ka samu benci ka zauna, ka ce tayar babur ɗinka ta gaji, wacce za ka saya? Shi ke nan ka tsokano tsuliyar dodo. Mai rake zai ajiye wuƙa ya sa baki. Ɗan acaɓan da ya tsaya a ƙara masa iska zai kashe mashin ya sauko. Har dattijon da bai taɓa riƙe kan babur ba zai gyara zama ya ce, "Ku yara ba ku san taya ba, a zamaninmu Dunlop ce taya."

Kuma Baba bai yi ƙarya ba. A da a ƙasar nan ake ƙera taya: Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta bi ta a 2008. Yau tayar da ke ƙarƙashin Boxer ko Jincheng ɗinmu daga Sin take, ko Indiya, ko Tailan. Jirgin ruwa ya sauke ta a Legas, tirela ta hauro da ita Kano, daga shagunan Fagge da Sabon Gari ta biyo hanyar Gwarzo, ta wuce sabuwar jami'ar Bayero da Janguza, ta iso mana. Shi ya sa in dala ta yi tari, tayar ƙauye ce ke kwana da zazzaɓi. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, mutum kan yi shawara da matashin kansa kwana uku kafin ya sauya taya ɗaya.

To me muke tambaya in mun je saye? Tambaya ɗaya ce, daga Gulu har Karofin Yashi: "Tana daɗewa?" Ban taɓa jin wani namu ya tambayi mai shago ko taya tana riƙe ƙasa ba. Mukan ɗauke ta mu jinjina nauyinta, mu danna ta da babban yatsa, wani har ya kai ta hanci ya sansana kamar mai sayen daddawa. In ta yi tauri kamar ƙahon sa sai mu gyaɗa kai, mu ce wannan ita ce. Sai mu duba gefenta mu ga ko an rubuta 6PR ko 8PR, mu ce "mai takwas ce, ba ta jin ƙaya." Lambar tana nuna ƙarfin jikin tayar wajen ɗaukar nauyi, wannan gaskiya ne. Abin da ba ma son ji shi ne, robar da ta fi tauri ita ta fi jinkirin cinyewa, kuma ita ta fi saurin zamewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Mai laushi tana manne wa hanya kamar ƙaska, amma hanya na cin ta da wuri. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Mu dai tuni muka zaɓi ɓangarenmu, aljihu ne ya zaɓar mana.

Ba na ganin laifinmu sosai, domin babur a wurinmu ba abin hawa ba ne kawai. Jaki ne. Kakanninmu da jakuna suke kai itace birni su dawo da taki a mangala, da haka gonakin kewayen Kano suka shekara aru-aru ana noma su ba hutu. Jakin ya ja baya, Boxer ya gaji aikinsa, har da dukan. Ranar kasuwa ka tsaya bakin titi ka ƙirga: buhu biyu na masara a baya, akuya a ɗaure a kan tanki, ko miji da mata da goyo da yaro biyu, ɗaya a gaba yana riƙe da madubi. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, acaɓa ya zama sana'ar garuruwa irin namu, inda hanya ɗaya ce mai kwalta, sauran kuwa burji ne da burtali.

Wani malamin makaranta da ke zama da mu, wanda ba ya barin rubutu ya wuce shi ko a jikin ledar burodi ne, shi ya fara nuna mana wani abu a gefen tayar baya. Bayan 3.00-17, wato faɗin inci uku a kan wili mai inci goma sha bakwai, sai ga 50P. Ya ce 50 ɗin nan ma'anarta tayar kilo 190 aka yi ta ta ɗauka, P kuma iyakar gudunta ne, kilomita 150 a awa. Aka yi shiru ana lissafi. Buhun masara kilo ɗari ne, biyu sun zama ɗari biyu, ba a sa direba ba, ba a sa nauyin mashin ɗin kansa ba, kuma kusan duka a kan tayar baya suke zaune. Sai ɗan acaɓa ya ce, "Malam, ai shi wanda ya rubuta bai taɓa zuwa kasuwar Rimin Gado ba." Aka fashe da dariya, aka wuce wurin. Gudun kilomita 150 kuwa, ko aljani ne ke tuƙa Boxer ba zai kai ba, don haka wannan harafin kyauta aka ba mu.

Saboda wannan lodin ne duk soyayyarmu ta tattara a tayar baya. Ita ke cinyewa da wuri, ita ke yin faci, ita ake saya wa sabuwa. Ta gaba kuwa marainiya ce. Sai ta suɗe ta yi sumul kamar kan jariri, zare ya fara leƙowa, sannan a tuna da ita. Wani ma in ya sayi sabuwa ya sa a baya, sai ya ce wa mai faci, "Maida tsohuwar gaba, ai gaba ba ta ɗaukar komai." Tsohuwar da ta riga ta baje a tsakiya ta zama kamar faranti, ga faɗinta ya fi na gaba, ga zanenta ba na gaba ba ne. Sai ka ga mutum yana shan kwana kan mashin yana masa gardama, ya ce aljanun hanya ne.

Ni kaina na yi, shi ya sa nake da bakin magana. Wata damina, cikin Agusta, na ɗauko buhun takin zamani zan kai wa kawuna gona. An yi ruwa da asuba, burtalin ya yi laka a ƙasa, yashi a sama. Tayar bayana sabuwa dal, mai manyan haƙora, ina ta alfahari da ita. Ta gaba kuwa ko zanen kirki babu. Wata tunkiya ta faɗo hanya, na ɗan taɓa birki, ban san lokacin da na ga sama a ƙasa ba. In tayar baya ta zame, mutum kan iya sa ƙafa ya gyara. In ta gaba ta tafi, ba ta sallama. Na tashi da taɓo har kunne, buhu ya yage, tunkiya ta tsaya tana kallona. Kawu da ya ji labari bai tambayi ƙafata ba, cewa ya yi, "Takin fa?"

Daga baya na fahimci dalilin. Duk lokacin da aka taka birki, nauyin mashin da na mutum gaba yake zubowa, don haka tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ita ce kuma ke juya mu. Zanen da ke jikinta ba kwalliya ba ne, magudanar ruwa ce: shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya don roba ta taɓa hanya. In ya shafe, a kan ruwa kake tafiya, ba a kan kwalta ba. Mafi sharri shi ne ruwan farko na ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da ƙurar rani da baƙin man da motoci suka ɗiga wata bakwai suka jiƙe suka zama kamar miyar kuɓewa a kan titin Gwarzo. Masu faci sun san makon, domin a makon ne ake kawo musu mashin da karyayyen madubi.

Sai maganar haƙori. Samarinmu na son taya mai manyan ƙuraje, irin ta masu tseren daji, wai ta fi kwarjini. A cikin laka da yashi tana da rana, tana haƙa ƙasa ta fitar da kai. Amma wanda kullum hanyarsa kwalta ce, daga nan zuwa Rijiyar Zaki ya dawo, asara yake yi: tana kuka, tana girgiza hannu, ƙurajen na gutsurewa, kuma robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Mai zuwa Butu-Butu ko Dugurawa da damina shi ke da hujjar sayenta. Yawancinmu rabi da rabi muke, safe a kwalta, yamma a gona, kuma akwai mai matsakaicin zane da aka yi domin irinmu. Sai dai ba ta da kwarjini a ƙofar gidan budurwa, wannan kuma ba ƙaramar matsala ba ce ga ɗan shekara ashirin.

Iska kuwa, ma'auninmu babban yatsa ne, ko a ƙwanƙwasa taya da sifana a saurari amonta kamar mai zaɓen kankana. Kamfanonin ƙananan babura irin namu sukan ce a sa wa gaba wajen 25 a ma'aunin iska, baya 28, in da goyo 32. Mu kuwa cewa muke, "Cika ta sosai, lodi zan yi." Sai ta yi tauri kamar dutse, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, ta cinye a nan, mashin ya riƙa tsalle a burji kamar ɗan akuya. Wani kuma ya bar ta saɓule mako guda, gefenta na lanƙwasa yana ɗaukar zafi, a ranar Afrilu da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, har tif ya tsage a gindin bawul. Tsofaffin 'yan acaɓa na da wata dabara da na yarda da ita: in za su shiga yashi mai zurfi sai su ɗan rage iska don taya ta baje. Matsalar ita ce ba mai tunawa ya mayar in an hau titi.

Malamin nan ya kuma koya mana karanta ranar haihuwar taya. Lamba huɗu ce a cikin ɗan zagaye a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na 2022. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC sun daɗe suna shelar cewa taya shekara huɗu gare ta. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba, balle wadda aka rataye a ƙofar shago rana na dukanta tun bara waccan. Tun ranar, in muka shiga shago sai ka ga mutum uku sun duƙufa a kan taya ɗaya suna neman lamba, mai shago yana cewa, "Alhaji, taya za ka saya ko aurenta za ka yi?"

Mai facinmu dai ba ya shiga gardamar. Yana zaune da bahon ruwansa yana nutsa tif yana neman kumfa, yana ciro ƙayar aduwa da ƙusa da tsinin karan dawa da aka sare a kaikaice bayan girbi. Akwai tif ɗin da na gani a hannunsa, faci a kan faci, har ba ka gane asalin launinsa. Ya ce wa mai shi, "Yaya, wannan kam ya gama aikinsa." Mai shi ya ce, "Ƙara masa ɗaya dai, zuwa kaka." Kowa a nan zuwa kaka yake jira: sabuwar taya, biyan bashi, auren ƙanwa.

In taya ta mutu ɗin ma ba ta barin gari. Tif ya zama robar ɗaure kaya, da ita za a ɗaure buhunan da za su kashe magajiyarta. Ragowar yara su yanka su yi danƙon harbin tsuntsu. Tayar kuma ta koma kan rufin kwano ta danne shi kada iskar bazara ta yaye, ko yaro ya samu kara ya gara ta har bakin kasuwa.

Jiya da yamma wani maƙwabcina ya zo da sabuwar taya a rataye a kafaɗa, ko ledarta ba a cire ba. Duk muka bi shi da kallo. Mai faci ya karɓa ya juya ta, ya nemi kibiyar da ke nuna inda za ta fuskanta, ya ɗaga kai ya ce, "Gaba ko baya?"

Maƙwabcin ya dubi tayar gabansa da zare ya fito mata a wuri biyu, ya dube ni, ya dubi tabon da ke gwiwata.

"Baya mana," in ji shi. "Gobe kasuwa."