Jinjina ga Falsafar da Ba Ta Taɓa Shiga Aji Ba

A gaishe da Kundin Manufar Ilimi ta Ƙasa, ɗan 1977, dattijon da ya doshi shekara hamsin a duniya ƙurar alli ba ta taɓa hawa rigarsa ba. Duk wanda ya ce Najeriya ba ta da falsafar ilimi ya yi mata ƙazafi. Muna da ita, kuma ta gidan girma ce. Daga babban taron manhaja da aka yi a Legas a 1969 aka ɗauki cikinta, masana da malamai da iyaye suka zauna suka ce karatun da Bature ya bar mana na ƙera akawu ne, mu kuwa ɗan ƙasa muke so mai tunani da sana'a a hannu. Aka rubuta, aka buga, aka sake gyarawa a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Ta yi alkawarin al'umma mai 'yanci da adalci, ƙasa mai dogaro da kanta, da karatun da zai bi yaro gwargwadon baiwarsa. Madalla da wannan hikima, kuma madalla da waɗanda suka gane cewa abu mai daraja irin wannan ba a kai shi inda yara za su ɓata shi.

Dubi yadda ake gadar da ita ga malaman gobe. A kwalejin ilimi, ɗalibin da ke neman NCE dole ya ɗauki darasin falsafar ilimi. A nan zai ji labarin Sukurat da ke koyarwa ta hanyar tambaya, da Rousseau da ya ce a bar yaro ya yi yarinta, da John Dewey na Amurka da ya ce da hannu ake koyo, da Paulo Freire na Birazil da ya la'anci malamin da ke ɗura wa ɗalibi bayani kamar mai zuba kuɗi a asusu. Ta yaya ake koyar da duk wannan? Malami ya tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai, wasu a taga, wasu a bakin ƙofa, yana shifta suna rubutawa. Wanda bai ji ba ya sayi takardun da malamin ya buga. Ranar jarrabawa a ce ya kawo dalilai biyar da suka sa hadda ba tare da fahimta ba take da illa, shi kuwa ya zubo su biyar cif yadda ya haddace su daren jiya, ya ci maki. Ina ƙasar da ta kai mu gwaninta? Mun iya koya wa mutum haramcin abu ta hanyar sa shi ya aikata shi.

Sai a tura shi koyarwar gwaji. Ya kwana yana rubuta tsarin darasi, da manufa, da kayan koyarwa, da matakin da zai raba yara rukuni-rukuni su tattauna. Kundin ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ya shiga aji ya tarar da sun haura ɗari, a ƙasa suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa, babu hanyar da zai bi ya kai ga na baya. Anan ne zai gane cewa bulalar da ke hannun monita ta fi Dewey sanin makamar aiki. Ya rubuta jimla a allo, ya ce "ku maimaita", aji ya ɗauka da ƙarfi har a ji a bakin titi, mai wucewa ya ce kai, yaran nan suna karatu. Sufeto in ya zo, littafin tsarin darasi zai duba, ya ga an cike kowane gurbi, ya sa hannu da jan biro. Ba zai kira yarinyar da ke lungu ya ce ta karanta masa layi ɗaya ba, don mutum ne mai kara, ba ya son tona asiri.

Kundin nan kuma ya faɗi gaskiyar da ba a musu, cewa ilimin ƙasa ba ya wuce ingancin malamanta. Mun girmama wannan magana matuƙa. Muka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar daraja ta biyu, waɗanda suke ɗaukar yaro tun yana ɗanye su shekara biyar suna koya masa yadda ake riƙe aji. Muka mai da kwalejin ilimi mafakar wanda makinsa na JAMB bai kai shi jami'a ba. Muka bar albashin malamin firamare yana yawo tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, wata ya mutu wani ya kama bai iso ba. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malamanta jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, malamai 21,780 daga cikin kusan 33,000 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari da aka gindaya. Aka yi ta yawo da takardun amsarsu ana dariya, aka sallame su. Daidai ne, ai laifinsu ne su kaɗai. Wanda ya ba su takardar shaida da hatimi, da ɗan siyasar da ya rubuto sunansu a bayan kati ya ce a ɗauke su, waɗannan bayin Allah ne, kada a taɓa su.

Batun dogaro da kai ma ba a yi sakaci ba. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an ce duk yaron da ya gama ƙaramar sakandare zai fita da sana'a, ko kafinta, ko gyaran lantarki, ko aikin ƙarfe. Aka sayo injuna daga Turai da kuɗi masu ciwo, aka sauke su a makarantun da ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san inda ake kunna su. Da yawa a cikin akwatunansu suka tsufa, sai tsatsa da ɓarayi suka raba gado. Yaran kuwa sun koyi zana zarto a littafi, su sa wa kowane sashe suna da Turanci. Wanda ke son ya riƙe zarton gaske sai ya gudu daga aji ya tafi wurin kafintan unguwa, a rubuta shi cikin marasa jin magana.

Inda falsafar tamu ta fi nuna bajinta shi ne harshe. Tun daga farko kundin ya ce a koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi a shekarun farko na firamare. Ba da ka aka faɗa ba. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwaji a Ife a 1970, suka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, Turanci yana matsayin darasi ɗaya, yaran suka fi takwarorinsu fahimta, kuma Turancin nasu bai gurgunce ba. Mu nan Arewa ma ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u da Hausa da Fulatanci ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun malamanta mata da ake kira jaji, kuma makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ake karatu a cikinta, har da sana'ar hannu. A 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya ba da sanarwar cewa za a yi shekara shida ta firamare da harshen uwa. Ba a wadata makarantu da littattafai ba, ba a horar da malamai ba. A 2025 minista Tunji Alausa ya soke tsarin, ya ce a koma Turanci tun daga ajin rainon yara, wai harshen uwa ne ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. Allah ya ƙara basira. An kama maganin da ba a taɓa ba mara lafiya ba da laifin kashe shi. Yanzu ɗan shekara shida a Gumel ko Illela, wanda bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, zai koyi lissafi cikin harshen da malamin nasa ma da ƙyar yake haɗa jimla a ciki. Zai yi shiru, a ce daƙiƙi ne, uban ya ga shekara uku ba ta haifar da komai ba ya mai da shi gona, mu kuma mu kira taro a otal mu tattauna dalilin da ya sa talakan Arewa ya ƙi boko.

Zuciyata tana ƙuna a kan wannan, domin yaran nan ba su yi mana laifin komai ba. Sun zo da safe, wasu ba karin kumallo, sun zauna a inda aka ce su zauna, sun maimaita abin da aka ce su maimaita. Duk abin da aka nema daga gare su sun yi. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa, amma wa ke ƙirga waɗanda suke zuwa kullum su gama aji shida ba su iya karanta wasiƙa ba?

Kada dai a ce babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, sharaɗin kawai jiha ta kawo nata kason daidai da wanda za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a asusun suna jiran gwamnonin da za su zo su ɗauka. Wannan ai kamun kai ne da gudun duniya, a yaba musu. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu an bar su sun huta, almajiran da aka gina dominsu suna kan titi da robobinsu.

Masu riƙe da kundin sun san darajar abin da suka tanadar wa jama'a, shi ya sa suka sadaukar, suka bar wa talaka shi kaɗai ya more, su kuma suka haƙura da makarantun kuɗi na Abuja da na Ingila. A 2022 wani ɗan majalisar wakilai, Sergius Ogun, ya kawo ƙudurin da zai taƙaita yadda masu riƙe da muƙaman gwamnati ke kai 'ya'yansu karatu ƙasashen waje. Nan take 'yan majalisa suka tuna da al'umma mai 'yanci da kundin ya yi alkawari, suka ce ƙudurin zai tauye haƙƙin ɗan Adam, suka yi watsi da shi.