Zanko a Kan Gilashi

Duk Alhajin da ya je Dubai sau biyu, maƙwabtansa su dage da addu'a. Hoto zai ɗauko a waya, ya kira mai zanen gini ya miƙa masa: "Injiniya, irin wannan nake so, amma a ƙara hawa ɗaya ya ɗara na Alhaji wane."

Filin kuwa a ƙwaryar birnin Kano yake, tsakanin soraye na tubali da azara, a lungun da ko ɗan sahu sai ya yi dabara kafin ya shige. Injiniya ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, da an yi bango mai kauri da ƙananan tagogi, saboda zafi." Alhaji ya harare shi: "Ofis na ce ka zana mini ko rumbu?"

Shi ke nan, gilashi daga ƙasa har sama. Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, aka ɗauke wuta, dizal ya ƙare, ma'aikata suna gasuwa kamar gurasa a tanderu. Hunturu kuma ƙura ta lulluɓe ginin, shuɗin gilashi ya koma ruwan ƙasa, babu tsanin da zai kai mai gogewa. Matan maƙwabta sun daina tsefe kai a tsakar gida, domin akawun da ke hawa na huɗu yana iya ƙirga tsokar da ke cikin tukunyarsu. Kada kuma a raina ƙyallin gilashin: a Landan ma, inda rana ba ta da wani ƙarfi, hasken wani benen gilashi ya narkar da sassan mota ƙirar Jaguar a 2013. To ina ga ranar Kano?

Da dattawan unguwa suka yi ƙorafi cewa ginin ya zama bare, Alhaji bai yi fushi ba. Ya sa birkila ya ɗora zankwayen siminti biyu a ƙololuwa, aka manna dagi a saman ƙofa, ya ce ya raya al'ada.

Babban Gwani Muhammadu Durugu dai ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da ƙasa da azara, ba janareta. Mai niyyar gina ofis a cikin birni, don Allah ya shiga Gidan Makama da azahar, ya dafa bango ya ji sanyinsa, sannan ya kira injiniya.