Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gadon Asibiti Na Cikin Littattafan Soyayya

Ranka ya daɗe,

Ya masu jiki? Na san ba ka rasa su, don tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 marubuta ba su bar ka ka huta ba.

Ƙorafi na kawo. Za a ba mu jaruma wadda mijin farko ya cinye mata gado, aminiyarta ta aure shi. Babi ashirin ba ta yarda da kowa ba, ko ruwa aka miƙo mata sai ta sunsuna. Da marubuci ya ga takarda ta kusa ƙarewa, sai ya turo mota ta buge ta, a kwantar da ita a kanka. Ta buɗe ido, ta ga saurayin da ke neman ta ya ba da jini leda biyu, shi ke nan: "Na yarda da kai har abada." Haba, ranka ya daɗe! Ƙarin ruwa kake yi ko dashen zuciya?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Mace irin wannan da ƙaramin abu take gwada mutum. Ta ba shi zubin adashe ya kai, yana fita ta kira uwar adashe ta ji ko kuɗin sun cika. Wata na gaba ta ɗauki wayar, ta yi jim, ta ajiye. Ranar da ya yi latti bai faɗi dalili ba, ta koma gidan jiya, har sai ya zo da gaskiyar da ba ta yi masa daɗin faɗa ba. A nan mai karatu yake gaskata ta, domin ya ga abin da kowace yarda ta ci mata.

Dubi Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, aka matsa wa tsohuwar matarsa Rabi ta koma gidansa, amma marubuciyar ba ta yi mana ƙaryar cewa wuta ta wanke abin da ya yi mata ba.

Don Allah, in an sake kawo maka jaruma, ɗaure mata karaya ka sallame ta da zarginta cikakke. Gyaran hali aikin marubuci ne, ya zauna ya yi abinsa babi bayan babi.

Naka,
Mai karatu daga Kano