Masu Babur a Gindin Bedin Bakanike

Ƙanin matata ya sayar da masararsa, kuɗi sun zauna masa a aljihu suna ƙaiƙayi, sai ya zo Funtua takanas ya same ni. "Yaya, wanne zan saya, Boxer ko Jincheng?" Ban ce masa uffan ba. Na ja hannunsa zuwa gindin bedin da bakanikena ke aiki, a bakin titin da ya bi ta Bakori ya nufi Malumfashi, muka samu benci muka zauna. Na ce ya rabu da kallon baburan, ya sa ido kan masu kawo su.

Ba mu daɗe ba sai ga angon kaka. Daga nesa ake gane shi, don har yanzu ledar kamfani na nan a kan kujera da madubi, iska na kaɗa ta. Babu abin da ya lalace. Ya zo ne a ɗaure masa noti guda, jama'a kuma su gani. Wannan bawan Allah duk shekara yakan sayi sabon babur idan an casa masara, ya yi wata biyar yana tsane shi da tsumma safe da yamma, har yara ba sa kusantar zauren. Da hadarin farko ya haɗo, aka fara maganar taki da kuɗin huɗa, sai ka gan shi a gaban dillali yana rantsuwa ko Dandume bai taɓa zuwa da shi ba. A karya masa farashi, a cire la'ada, ya koma hawa keke har wata kakar. Shi a ganinsa babur yake saye. Ni dai haya na ga yana biya, hayar da ta fi ta kowa tsada.

Bayansa mai rowar baƙin mai ya turo nasa da ƙafa, gumi har cikin ido. Bakanike ya zaro ma'aunin mai, ya shafa a yatsa, ya nuna mana. Abin ya yi kauri ya yi baƙi kamar kwalta.

"Alhaji, yaushe rabonka da juye?"

"Ai ba a daɗe ba. Tun kafin azumi."

"Wane azumin?"

Alhaji ya dubi sama yana lissafi. Irin waɗannan ba sa juye, ƙari suke yi: in mai ya ja ƙasa, a tsiyaya na kwalba daga bakin hanya, wanda babu mai sanin injin da ya fara wankewa. Ga ƙurar hunturu da matatar iska ta sha har ta toshe. Ranar da injin ya buga, kuɗin fistin da zobe da aikin bakanike za su haɗiye na juyen shekara biyu, amma ba za ka raba shi da cewa kayan yanzu ne ba su da aminci ba. Da aka gaya masa kuɗin gyara ya yi salati, ya tambaya ko akwai kayan da suka fi araha. Akwai mana. Bakanike ya ce in aka sa su, to ya ajiye kuɗin dawowa kafin sallah.

Shi kuwa mai lodi ba a kansa laifin yake ba, a kan ƙasarmu yake. Wanda gonarsa ke can cikin Kafur ko fadamar Danja, inda mota ba ta shiga da damina, babur ne jakinsa, shi ne amalankensa, shi ne motar asibitinsa. Buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki, shi kansa ya maƙale a tsakani kamar ƙadangare, kwandon tumatir na reto a gefe. Saboda irinsa Boxer, na kamfanin Bajaj na Indiya, ya kama ƙauyuka: doguwar kujera, ƙashin baya mai ƙwari, kayan gyara kuma har a tireda. Sai dai ƙarfe ma yana gajiya. Kaca ta saki, taya ta suɗe, wayoyin ƙafa suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa bakanike, "Ɗan matse mini kawai, sauri nake." Yau shekara uku ke nan ana ɗan matse masa.

Na fi jin tausayin malamin makaranta mai roba-roba, wataƙila don ina ganin kaina a jikinsa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, a 2024 ta tsallake 1,000. Tun daga nan malam ya zama masanin gangara. Ya san duk inda hanya ta sunkuya tsakanin gidansa da makaranta, nan zai kashe inji ya tafi shiru kamar aljani. Tankinsa bai san cika ba, a rizab yake rayuwa. Idan babur ya shaƙe, sai ya sauka ya kwantar da shi gefe guda, ya girgiza, ya hura bakin tanki, ya samu abin da zai kai shi wurin ɗan bumburutu ya sayi rabin kwalba. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kuɗin faci da fulogi. Matarsa ta ce ko haihuwar 'ya'yansa bai rubuta da wannan kulawa ba.

Sai masanin majalisa, wanda ko taya bai mallaka ba. Ya san Honda ya fi kowa shan mai kaɗan, ya san TVS, ya san Haojue, ya san abin da ya kashe Vespa. Shi ne ya tuna mana dokar da Gwamna Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 saboda 'yan bindiga, wadda ta hana sayar da mai a jarka da sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. A nan kam ya yi gaskiya, kuma kowa ya yi tsit, don akwai lokacin da babban babur mai ƙarfi kan jawo wa mai shi tambayoyi a shingen jami'an tsaro fiye da yabo a majalisa. Da ya gama bayani ya nemi a rage masa hanya.

Amma duk cikinsu babu wanda ya kai ɗan aro dabara. Babur ɗinsa ba ya cin mai, ba ya cin taya, ba ya neman juye, domin na maƙwabci ne. "Maigida, ɗan ba ni makulli, nan kusa zan je in dawo." Nan kusa ɗin Ƙanƙara ce. Zai dawo bayan la'asar, madubi ɗaya ya karkace, tanki ya bushe, ya miƙo makulli yana ba ka shawara: "Ka duba birkin nan fa, ya kusa kashe ni."

A nan ƙanin matata ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya, sai kuma ya lura ni ban yi ba, bakanike ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Nawa babur ɗin ne a jingine can gefe, birki a kwance, kuma duk mu ukun mun san wanda ya are shi ranar Juma'a.

Da za mu tashi ya tambayi bakanike wanne zai saya. Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya ce ya sayi wanda kayansa ke akwai a garinsu, ya ware kuɗin juye tun yau, sannan ya ƙara da cewa in ya saya kada ya gaya wa yayansa, don akwai bashi a tsakani. Ya sayi Boxer ranar Litinin. Na aika yaro karɓo makulli ranar Talata, aka ce ya tafi gona tun asuba.