Masu Haɗa Laftof a Mubi: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

A shekarar 2021 kamfanin Framework na Amurka ya fara sayar da laftof a wargaje, mai saye ya ɗaure abinsa da sukudireba, Turawa suka yi ta tafi. A Mubi ko gezau. Garin da ke da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya (Poli), kowane ɗalibi na neman abin buga furojet, kuɗin sabuwa kuma ya fi ƙarfin aljihu, ai tuni aka saba tayar da rayayya ɗaya daga matattu uku. Kaya na tasowa daga Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano. Masu haɗawar ne kala-kala.

Na farko shi ne Mai Maƙabarta. Ƙarƙashin gadonsa akwai HP biyu marasa fuska, da Dell da ta sha shayi, da ThinkPad da ba a san cutarta ba. Ba ya sayarwa, ba ya yarwa. Ka ce ya sayar maka da fanka ɗaya, sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, idan na cire fankar ai na lalata ta." Matarsa ta daina share wajen.

Sai Injiniyan YouTube, ɗan aji ɗaya a Poli. Ya kalli bidiyon minti takwas, ya sauke girman kai a kan tabarma ya buɗe kwamfutar yayansa. Bai cire batir ba kafin ya taɓa allon cikin, don ya tsallake wannan wurin saboda data. Da ya rufe sai ga ƙusoshi huɗu sun yi saura. Ya dube su ya ce, "Dama kamfani kan sa ƙari." Shi ne ke cusa RAM na DDR4 a ramin DDR3 da ƙarfin tuwo, alhali tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba.

Akwai Alhajin Tike. Ya sayar da bijimai, yaro ya samu gurbi a jami'a, ya zo da kansa aljihu cike da naira da sefa. Yakan ɗaga laftof ya jinjina, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya leƙa haƙoran madannai kamar mai taya saniya. Ka nuna masa siririya mai SSD, wadda ke tashi kafin ka gyara zama, sai ya ce, "Injiniya, wannan ramammiyar? Kawo mini mai ƙiba." Ba ya barin shago sai an yi masa gyara da linzami da jaka.

Mai Sitika kuwa imaninsa na kan ɗan tambarin da ke gefen madannai. Muddin an rubuta Core i7, magana ta ƙare. Ka yi ta bayani cewa i7 na 2012 ba ya kamo ƙafar i5 na bayan shekara takwas, ba zai ji ba. Wani ma sitikar yake saye daban ya manna a kan Celeron, ya zauna inda za a gani. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ya shiga damuwa, don Windows 11 na neman TPM 2.0, kuma ba ta karanta sitika.

Sarkin Batir ya fi kowa dalili, don wanda wuta ta ɗauke masa ana gobe jarrabawa ya san zafin abin. Yana fasa matattun batura ya zaro ƙwayoyin 18650 da ke ciki, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya jera masu rai, ya naɗe da salatif. Laftof ɗinsa na yin awa shida, amma sai an ɗauko ta da hannu biyu, wayoyi na reto. Caja kowacce ce ya samu sai ya yanke kai ya dasa wani, ba ruwansa da ko bolt nawa take bayarwa. Maƙwabta sun san ƙaurinsa.

Sai Mai Shiri. Ya san Raspberry Pi ta fito a 2012 daga Ingila a kan dala 35, ya san yadda zai haɗa mata fuskar tsohuwar laftof da madannai a cikin akwatin katako, har ya zana hoton a bayan littafi. Kullum yana lissafin dala da kuɗin aike zuwa Yola. Shekara uku ke nan, abin da ya mallaka shi ne akwatin.

Kada a manta da Ɗan Benci, wanda bai taɓa mallakar kwamfuta ba, amma ba ya fashin zama a shagon mai gyara. Maganinsa uku ne ga kowace cuta: a hure ƙura, a shanya a rana, a yi fomatin. Lokacin hunturu, da ƙura ta toshe fanka, na farkon yakan ci, sai ya yi wata guda yana ba da labari.

Ta ƙarshe ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, wadda ba ta san sunan ko ƙusa ɗaya ba. Takan ce, "Oga, awa nawa batir ke yi? In fuskar ta fashe, akwai irinta a garin nan? In ta mutu cikin wata guda, za ka karɓa?" Sai ka ga mai shago ya gyara zama, ya mayar da wadda ya fara miƙowa, ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur. Duk cikinsu ita kaɗai ke gama furojet a kan lokaci, kuma a wurinta Injiniyan YouTube ke aron laftof ya buga nasa.