Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Manhajar Waƙa

Zuwa ga Hajiya Manhaja, mai rumbun waƙoƙin duniya, Allah ya ja zamaninta.

Sauraron waƙa ta intanet ciniki ne na mutum uku: mai saurare da ke biya, mawaƙi da ke jiran a biya shi, da kamfanin da ya zauna a tsakiya riƙe da littafin lissafi. Hajiya ce ta tsakiyar. Saboda girmanta ba za a yi mata magana ido da ido a wannan takarda ba, za a dai zayyana halinta yadda yake, ta karanta ta ga ko an yi mata ƙazafi.

Asalin Hajiya ba ɓoyayye ba ne. A 1999 Napster ta buɗe wa matasan Amurka hanyar musayar waƙoƙi kyauta, kamfanonin faifai suka garzaya kotu, aka rufe ta a 2001, amma ɗabi'ar ba ta rufu ba. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes yana sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99. Sannan Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2006, suka fara aiki a 2008 da wata dabara: ba saye, ba sata, a biya kuɗin wata a ji duk abin da rai ke so, wanda ba shi da hali kuma ya saurara kyauta ya haƙura da talla. Dabarar ta ci. Kuɗin shigar masana'antar waƙa ta duniya, wanda ya fi shekara goma yana zubewa, ya soma farfaɗowa daga 2015. An rubuta wannan alheri tun da wuri don kada a ce masu takarda butulu ne.

Yau Hajiya tana amsa sunaye da yawa, kuma kowane suna da nasa hali. Apple Music, wadda ta zo a 2015, ba ta san kyauta ba, sai dai ɗanɗanon gwaji, daga nan a biya ko a kama gaba. Deezer Bafaranshiya ce. Tidal ta yi suna bayan mawaƙi Jay-Z ya saye ta a 2015 da alkawarin sauti mai tsabta da mutunta mawaƙa, sai ga shi a 2021 ya sayar da mafi yawan hannun jarin ga kamfanin Square. Audiomack ta samu shiga a Najeriya saboda tana bari a sauke waƙa a ji ba da data ba. Boomplay kuwa ba ta jira a neme ta: tun daga kwali take zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, domin ita da su duk 'yan gida ɗaya ne. Spotify ba ta iso Najeriya da Nijar da Gana ba sai 2021. Ga kuma YouTube, wadda a ƙasar Hausa ta fi su duka jama'a, ko da yake ba don waƙa aka gina ta ba. Ta fuskar kaya, manyan cikinsu kusan ba su da bambanci, kowace tana tallar waƙoƙi sama da miliyan 100, adadin da ko mutum ya daina barci da cin abinci ba zai ji rabin rabinsa ba.

Bambancin yana wurin biya, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A watan Afrilun 2021 Apple ya rubuta wa mawaƙa cewa a matsakaicin lissafi yana biyan senti ɗaya a kan kowane saurare, wato dala 10 a kan saurare 1,000. Ƙiyasin da ya fi yawo a kan Spotify shi ne dala 3 zuwa 5 a kan wannan adadin. Wanda ya tsaya nan zai ce an gano mai adalci da azzalumi, amma lissafin ya fi haka murɗiya. Spotify tana da ɗimbin masu saurare kyauta da kuɗin talla kaɗai ke biya musu, shi ya sa farashin kowane saurare ya faɗi, alhali jimillar da take zubawa ta fi ta kowa: ta ce a 2024 kaɗai ta biya dala biliyan 10. Mawaƙi na iya samun farashi mai kyau a inda ba mutane, ya samu farashin banza a inda duniya ta taru, kuma yawanci na biyun ne ke kawo cefane.

Gaskiyar magana ma, babu wani farashin saurare da aka yanke. Ga yadda ake yi. A ƙarshen wata Hajiya tana tattara kuɗin masu biya da na talla na kowace ƙasa a asusu ɗaya, ta cire kusan kashi ɗaya bisa uku ta sa a lalitarta, sauran ta raba gwargwadon yawan sauraren da kowa ya samu a ƙasar. Waƙa tana shiga lissafi idan an ji ta na daƙiƙa 30. A ɗauki misalin wani tela a Zariya da ya biya kuɗin wata, bai kunna kowa ba sai mawaƙi ɗaya na unguwarsu, daga safe har a tashi daga shago. Shi a ransa ya tallafa wa ɗan unguwa. A littafin Hajiya kuwa, idan wani tauraron Legas ya kwashe biyu cikin kowane saurare ɗari na ƙasar a wannan watan, to naira biyu cikin kowace ɗari ta rabon ta zama tasa, har da ta telan da bai taɓa jin muryarsa ba sai a Adaidaita Sahu. Ɗan unguwa zai samu gwargwadon ɗigon da saurarensa ya zama a cikin na ƙasa baki ɗaya.

Bahaushe ya san wata hanya ta biyan mawaƙi tun kafin a haifi Hajiya. A fagen biki ana liƙa wa mawaƙi kuɗi a goshi, yana gani, jama'a na gani, maroƙi na shelar sunan mai kyauta da adadin. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata sun rayu a kan kyautar sarakuna da attajirai, riguna da dawakai da motoci. Tsarin yana da nasa aibu, domin bakin da aka ciyar ba ya zagin mai ciyarwa, amma ba a taɓa jin an liƙa wa Shata kuɗi sannan wani akawu ya ɓamɓare ya miƙa wa makaɗin da ke wasa a wani gari ba.

Asusun bai-ɗaya yana kuma gayyatar ɓarayi, tunda duk wanda ya ƙirƙiri saurare na bogi daga rabon kowa yake yanka. A watan Satumbar 2024 masu gabatar da ƙara a Amurka sun tuhumi wani mutumin jihar North Carolina da cewa ya sa kwamfuta ta ƙera masa waƙoƙi dubbai ɗaruruwa, ya sa wasu kwamfutocin suna saurare dare da rana, ya kwashi sama da dala miliyan 10. Mai waƙa inji, mai saurare inji, mutum ɗaya tak a cikin harkar shi ne mai karɓar kuɗi.

Wurin zaman mai saurare ma yana da tasiri. Lokacin da Spotify ta shigo Najeriya kuɗin wata naira 900 ne, alhali a Amurka a lokacin dala 9.99 ake biya. Sauƙi ne ga mai saurare, amma tunda kowace ƙasa da asusunta, saurare miliyan ɗaya daga Kano ba ya kama ƙafar miliyan ɗaya daga Landan. Kamfanin ya ce mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a wurinsa a 2024, fiye da ninki biyu na shekarar da ta gabata. Adadi ne mai daɗin faɗa. Sai dai mawaƙin da ya fi morewa shi ne wanda ake ji a Turai da Amurka, kuma mawaƙin Hausa, da masoyansa ke Kano da Maraɗi da Zangon Kumasi, ba a wannan sahun aka fi ganinsa ba. Daga 2024 Spotify ta ƙara wata ƙa'ida: waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin watanni 12 ba, ba ta da ko sisi daga rabon sautin da aka naɗa, kasonta ya koma ga waɗanda suka haye. Hujjar da aka bayar ita ce 'yan kuɗin ba sa ma kaiwa adadin da ake iya cira. Ba a dai tambayi masu 'yan kuɗin ba.

Ko abin da ya fito ɗin ba hannun mawaƙi yake faɗawa ba. Hajiya ba ta biyan mawaƙi, mai haƙƙin mallaka take biya, kuma mafi yawan shahararrun waƙoƙin duniya suna hannun kamfanoni uku ne, Universal da Sony da Warner. Kamfani zai fara cire kuɗin da ya kashe wa mawaƙi, ya ɗauki kasonsa bisa yarjejeniya, marubucin waƙa da mai haɗa kiɗa su karɓi nasu ta wata hanyar, abin da ya rage shi ne na mai murya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wanda ya ce shi ba shi da ubangida dole ya bi ta hannun dillali irin DistroKid ko TuneCore kafin waƙarsa ta hau Spotify ko Apple Music, kuma a tsarin da aka fi sani yana biyan kuɗin shekara, in ya daina a sauke waƙoƙinsa. Ashe mawaƙin ma biyan kuɗin zama yake yi.

Wannan ya kawo batun mallaka. Wanda ya sayi kaset a Ƙofar Wambai a zamanin da, kaset ɗin nasa ne. In rediyo ta cinye zaren ya zaro shi a hankali, ya zura biro ya naɗe, in ya tsinke ya liƙe da jan farce. Yana iya ba da aro, ya sayar, ya yi kyauta, in ya rasu a same shi cikin kayan gado. Mai biyan kuɗin wata kuwa ɗan haya ne, kuma a gidan da ba a ba da wa'adin tashi. Zai yi shekara goma yana biya, yana jera waƙoƙi ɗaki-ɗaki, na tuƙi daban, na raɗaɗin soyayya daban, ranar da katin banki ya ƙi aiki sai ya tarar an sa kwaɗo. Waƙoƙin da ya sauke a wayarsa, da datarsa, suna cinye masa wuri, su ma ba nasa ba ne: a Spotify, in waya ta yi kwana 30 ba ta leƙa intanet ba sai su ƙi buɗewa, domin Hajiya tana so ta tabbatar har yanzu ana biya.

Kaya ma suna ɓacewa daga ɗakin ba da sanin ɗan haya ba. Taylor Swift ta kwashe waƙoƙinta daga Spotify a 2014 kan batun biya, ba ta mayar ba sai 2017. Neil Young ya kwashe nasa a 2022, ya dawo a 2024. A duk tsawon lokacin ba a rage wa masoyansu ko kwabo daga kuɗin wata ba. Wani lokaci gidan ne ɗungurungum ake rushewa, kamar yadda Google ya rufe Google Play Music a 2020. Har kalmar saye ta zama abin tuhuma, ta kai jihar Kalifoniya ta kafa doka da ta fara aiki a 2025, wadda ta wajabta wa masu sayar da kayan intanet su fito fili su faɗa idan abin da suke kira saye izinin amfani ne kawai.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen, don kada masu mallaka su yi ta taƙama. A kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano akwai masu tura waƙa: teburi, lema, tsohuwar kwamfuta, da igiyoyin caji a cakuɗe. Mutum zai miƙa memori ya ce a zuba masa sababbin na soyayya, a haɗa da na Shata saboda Baba, ya ba da 'yan canji, kafin ya gama gaisawa da maƙwabcin teburi an cika. Da yamma ya tura wa abokai biyar ta Xender. Wannan mutum ya mallaki waƙoƙinsa fiye da duk wani mai biyan Apple Music, ba mai sa masa kwaɗo, ba ruwansa da rashin sabis. Mawaƙin kuma bai ga ko anini daga cinikin ba. Abin da yake samu suna ne, sunan ya kawo gayyatar biki da taron siyasa, can ne kuɗin yake. Idan aka auna da wannan teburi, dala ukun Hajiya ma abin a gode ne.

Mallakar da ke biyan mawaƙi tana nan, ba ta dai da yawan jama'a. A Bandcamp mutum yana sayen waƙa ya sauke ta zama tasa, kamfani ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari, akasarin sauran ya tafi ga mai waƙar cikin 'yan kwanaki. Kundi ɗaya na dala 10 a can ya kai darajar saurare dubu biyu ko fiye a wurin Hajiya. Matsalar ita ce ana buƙatar katin da ke biyan dala, da kuma zuciyar da za ta sayi abin da ake samu kyauta a bakin kasuwa.

Saboda haka abin da ake roƙon Hajiya bai taka kara ya karya ba, kuma ba sabon abu ba ne. Kuɗin tela ya tafi ga wanda tela ya saurara. SoundCloud ta fara hakan a 2021 ga mawaƙa masu zaman kansu, kuma ba a ji ta rushe ba. Deezer ma ta taɓa nata lissafin a 2023, ko da yake gyaran nata ya fi karkata ga waɗanda suka riga suka tara masu saurare. Sannan a samar da maɓalli ɗaya a gefen kowace waƙa, wanda mai saurare zai danna ya saye ta ɗungum da naira ko sefa, ta zauna a wayarsa ko ya biya kuɗin wata ko bai biya ba. In duk wannan ya yi wa Hajiya nauyi, to aƙalla a goge inda aka rubuta wa mutum cewa wannan ɗakin waƙoƙinsa ne, a rubuta na Hajiya ne.

Ana sauraron amsa ta kowace hanya, ban da saƙon ƙarin kuɗin wata, wanda shi dama yana isowa a kan kari.

Wassalam.